Zaren gilashi ko wayar jan ƙarfe: wanne za ka ba gadin masana'anta, bututu da dam?

Wani dattijo mai kamfanin casar shinkafa ya tare ni da tambaya bayan mun fito daga masallaci. Ɗansa ne ya dawo daga wani baje kolin kayan masana'antu da takardu masu sheƙi, yana cewa yanzu an daina auna zafi da waya, da zaren gilashi ake yi, irin fayibar da kamfanonin sadarwa ke binnewa a gefen titi. Ya ce, "Injiniya, rumbunan nan nawa guda huɗu, in sa musu wannan abin ko kuwa?" Na ce, "Baba Alhaji, bar kuɗinka a aljihu tukuna." Ya yi mamaki, don ya san ni da son fayiba. Ina sonta ƙwarai, kuma son ne ya sa ba na so a kai ta inda ba wurinta ba, ta ba da kunya, a koma ana cewa fasahar ce ba ta da kyau.

Yawancin mutane da intanet suka san fayiba. Amma da ita likita ke leƙa cikin mara lafiya ba tare da tsaga ba, tun lokacin da Basil Hirschowitz ya gwada na'urarsa a Amurka a 1957. Ita ke kai hasken leza zuwa bakin injin yankan ƙarfe, kuma a wani madubin hangen taurari da ke Kitt Peak a jihar Arizona zare 5,000 ne ke ɗebo hasken taurari a lokaci guda. Waɗannan ba su ne damuwar mai masana'anta a Sharaɗa ko injiniyan hukumar ruwa ba. Inda zaɓi yake da gaske shi ne wajen awo da sa ido: zafi, miƙewar ƙarfe ko kankare, yoyo, da motsi. A nan kaya iri uku ne a faifai. Akwai na'urorin lantarki da muka saba da su, akwai fayiba mai auna wasu gurabe da aka zaɓa, akwai kuma fayibar da tsawonta gaba ɗaya ya zama ma'auni.

Na lantarki su ne tsofaffin hannu. Tamokopul ƙarfe biyu ne mabambanta aka haɗe bakinsu, in bakin ya yi zafi sai ya fitar da ɗan ƙaramin lantarki, abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821. Nau'in K, wanda ya fi yawa a kasuwa, yana ba da kusan maikurobolt 41 a kowane digiri, kuma yana jure zafi har sama da digiri 1,200. Pt100 kuwa siririn ƙarfen filatinam ne da turjiyarsa ga lantarki ke tashi da zafi: om 100 a digiri sifili, om 138.5 a tafasar ruwa. Ya fi tamokopul daidaito. Sai ma'aunin miƙewa, ɗan fallen da ake mannawa a jikin ƙarfe, wanda ake amfani da shi tun 1938. Kyansu a fili yake. Suna da arha, ana samunsu, in ɗaya ya mutu a cire a sa wani, kuma duk mai gyaran lantarkin da ya iya riƙe mita zai iya bin sawun matsalarsu.

Rauninsu ma daga jan ƙarfen yake. Kowane ma'auni wuri ɗaya kawai yake gani, kuma sai an ja masa waya har zuwa allon kula. Doguwar wayar jan ƙarfe eriya ce, tana kwasar hayaniyar duk wata babbar mota ko injin walda da ta bi ta kusa, alhali saƙon da take ɗauke da shi bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa ake mayar da saƙon zuwa miliamfiya 4 zuwa 20 kafin ya yi tafiya mai nisa, wannan kuma ƙarin na'ura ce da ƙarin wuta a kowane gurbi. In damina ta faɗi, tsawa ɗaya ta isa ta bi wayar ta ƙone allon. A wurin gas ko fetur tartsatsi ɗaya masifa ne. Jan ƙarfe kuma yana da kasuwa a wurin 'yan gwangwan.

Fayiba gilashi ce zalla, kaurinta maikuromita 125, kusan kaurin silin gashi, hanyar da hasken ke bi a tsakiya kuma maikuromita 9 ce kacal a nau'in da ake ja zuwa nesa. Tsarkin gilashin ya kai haske ya yi tafiyar kilomita 15 kafin rabinsa ya ɓace. Ba ta ɗaukar lantarki, don haka maganaɗisu da tsawa da tartsatsi duk ba ruwanta da su. Dabarar mayar da ita ma'auni kuwa irin ta amsa-kuwwa ce. Akwatin karatu yana harba ɗan guntun hasken leza, hasken na tafiya kimanin kilomita 200,000 a sakan, kuma a kowane taku ɗan kaɗan daga cikinsa yana watsuwa ya dawo baya. Zuwa da dawowar mita ɗaya nanosakan 10 ne, wato kashi goma cikin biliyan na sakan. Idan akwatin ya ƙirga lokacin da amsar ta ɗauka, ya san daga mita na nawa ta fito. Idan ya duba yadda amsar ta canza, ya san abin da ke faruwa a wurin.

Fayiba mai gurabe ita ake kira zanen Bragg. Ken Hill ne ya ci karo da ita a Kanada a 1978, sannan a 1989 Gerald Meltz da abokan aikinsa a Amurka suka samo hanyar zana ta daga gefen zaren. Wasu 'yan layuka ne ake zanawa a cikin gilashin, tsawonsu bai wuce santimita ɗaya ba, su zama madubin da launi ɗaya tak yake mayarwa. In wurin ya yi zafi ko ya miƙe, tazarar layukan ta canza, launin da ke dawowa ma ya gusa, kusan fikomita 10 a kowane digiri (fikomita kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na mita). Da yake kowane zane da launinsa, ana jera goma ko ashirin ko fiye a zare ɗaya, kuma ana karanta su sau ɗaruruwa ko dubbai a sakan.

Ta ukun ita ce ta fi ɗaukar hankali, don ba a zana mata komai. Irin amsar da akwatin ke saurara ita ke bambanta aikin. Amsar Raman, mai sunan masanin Indiya da ya gano ta a 1928, zafi kawai take nunawa, mita bayan mita, a tsawon kilomita goma zuwa talatin. Ita ake kira DTS. Amsar Brillouin tana nuna zafi da miƙewa tare, kuma tana kaiwa nesa fiye da haka. Amsar Rayleigh kuwa motsi take ji, ta mayar da zaren kamar dubban kunnuwa a jere, ɗaya a kowace mita goma, har kilomita 40 zuwa 50. Ita ce DAS.

Ranar da na fara ganin DTS da idona, nannaɗaɗɗen kebul ne a ƙasan ɗaki. Aka warware 'yan mitoci daga tsakiyarsa aka tsoma a bokiti, aka juye ruwan zafin filas ɗin shayi a kai. A fuskar kwamfuta layi ne shimfiɗe kamar tabarma. Ba a yi minti ba sai ga tozo ya taso a wuri guda, daidai lambar mitar da ke rubuce a jikin kebul ɗin da ke cikin bokitin. Aka cire, tozon ya riƙa kwanciya a hankali. Babu waya, babu batir a wurin, gilashi ne kawai a cikin ruwa. Duk wanda ya ga wannan sai ya so ya sa ta a ko'ina, kuma a nan ne ake fara asarar kuɗi.

Asirin lissafin shi ne zaren arha ne, akwatin ne tsada. Kebul ɗin fayiba bai fi na jan ƙarfe kuɗi ba, sau da yawa ma ya fi shi sauƙi. Amma akwatin DTS ko DAS maganar dubun-dubatar daloli ake yi, wasu su haura haka nesa, kuma kuɗin nan za ka biya shi ko gurbi goma kake aunawa ko dubu goma. Na lantarki akasin haka ne: farawa ba wuya, amma kowane ƙarin gurbi da kuɗinsa, da wayarsa, da mazauninsa a allo. Saboda haka tambayar farko ita ce gurabe nawa, a tsawon nawa. Ta biyu, akwai abin da ya hana jan ƙarfe shiga wurin? Ta uku, ka san inda matsalar za ta ɓullo, ko kuwa ko'ina tana iya fitowa?

Da wannan na auna rumbunan Alhaji. Rumbu huɗu, kowane a rataya masa igiya biyar daga rufi, kowace igiya da ma'auni takwas, gurabe 160 ke nan, duk a fili ɗaya da bai kai tafiyar minti biyu ba. Igiyoyin rumbu masu ƙananan ma'aunan lantarki a ciki an daɗe ana yin su, har da waɗanda aka ƙera don kada su yi tartsatsi a ƙurar hatsi. Suna yin aikin nan a kan ɗan kaso na kuɗin akwatin DTS. Kuma hatsi ba ya wuce da zafi da sauri, don haka ko fayiba ko waya, abin da ke kusa da igiyar kawai za su ji. Yawan igiyoyin ne ke kama ɗumin ƙwari da ruɓa. Shanshera in ta shiga rumbu da laimar da ta wuce kashi 14 cikin ɗari, babu ma'aunin da zai cece ta.

A tanderu ma fayiba ba ta da ta cewa. Rigar roba da ke jikin zaren yau da kullum tana lalacewa daga wajen digiri 85. Mai rigar musamman ta kai 300, mai rufin zinare wajen 700. Murhun siminti irin na Obajana ko Kalambaina kuwa sai kayan ciki sun kai wajen digiri 1,450. Wannan fagen tamokopul ne da na'urorin da ke hango zafi daga nesa. Haka tukunyar tururi, da injin busar da shinkafa, da ɗakin sanyi: gurabe kaɗan ne, an san inda suke, Pt100 ya wadatar.

Babbar taransifoma ce wurin da fayiba ta yi nasara babu jayayya. Abin da ke kashe taransifoma shi ne tsufan takardar da aka naɗe wayoyinta da ita, kuma tsufan yana bin wuri mafi zafi a cikin naɗin. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ta ce daga digiri 98, duk ƙarin digiri 6 yana ninka saurin tsufan takarda sau biyu. Ma'aunin da ke jikin tanki zafin mai yake gani, sannan ya ƙiyasta na naɗin da lissafi. Kyamarar zafi bayan tanki kawai take gani. Ba wanda zai cusa wayar ƙarfe a tsakiyar naɗin da ke ɗauke da bolt 132,000 ko 330,000. Zaren gilashi mai ɗan ƙanƙanin ma'auni a bakinsa kuwa yana shiga har can ya zauna lafiya, kuma akwatinsa ƙarami ne, bai kama ƙafar na DTS a tsada ba. Sharaɗin ɗaya ne: a wurin ƙira ake sa shi, ko lokacin sake naɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai odar babbar taransifoma, irin na tashoshin Kumbotso ko Mando, ko ta babbar masana'anta, ya rubuta wannan a takardar oda tun farko. Ta bakin layi mai kVA 300 ko 500 kuwa ba ta buƙata. Ita a rage mata lodi, a duba manta.

Wajen gano gobara a dogon bel ɗin jigilar kaya ko ramin kebul akwai ɗan takara na uku da ake mantawa da shi. Waya ce mai sili biyu da aka raba da robar da ke narkewa a wani zafi da aka ƙayyade, kamar digiri 68 ko 88. In ta narke silin biyu su haɗu, ƙararrawa ta tashi. Tana da arha, ba ta da rigima. Aibinta shi ne sai zafi ya kai maƙura take magana, kuma wurin da ya narke sai an yanke an sake. DTS tana nuna maka boris ɗin da ya fara ɗumi tun kafin ya yi hayaƙi, da lambar mitar da yake, da yadda zafin ke hawa daga jiya zuwa yau. In bel ɗin mita ɗari biyu ne, wayar narkewa da ma'aikaci mai zagaye da kyamarar zafi sun isa. In kilomitoci ne, ko rami ne da mutum ba ya shiga kullum, fayiba ta fara biyan kuɗinta.

Bututun mai da gas shi ne inda maganar ta fi nauyi, don a nan kuskure rayuka yake ci. Waɗanda suka san Oktoban 1998 ba su manta da Jesse a jihar Delta ba, inda gobarar bututu ta kashe mutane sama da dubu. Hanyar da aka saba ita ce mitoci a tashoshi: a auna abin da ya shiga, a auna abin da ya fita, a lura da faɗuwar matsi. Wannan dole ne, babu bututun da zai yi aiki ba tare da shi ba, kuma yana kama babbar fashewa da sauri. Amma ƙaramin yoyo yakan ɓace a cikin kuskuren mitocin kansu, kuma ko an gane ana asara, faɗin ainihin wurin yana da wuya. Mafi muni, sai bayan an huda yake sanarwa.

DTS da na Brillouin suna kama yoyo ta zafin ƙasa. Ɗanyen mai yakan fi ƙasar da ke kewaye da shi ɗumi, in ya tsiyaya sai wurin ya yi zafi. Gas akasin haka: in ya kuɓuce daga matsi sanyi yake yi, kusan rabin digiri duk lokacin da matsin ya sauka da "bar" ɗaya a ma'aunin matsi, don haka wurin yoyon sai ya yi sanyi ƙarara. Wannan ya sa mazaunin kebul ɗin ke da muhimmanci. Na mai a ƙarƙashin bututu ko gefensa na ƙasa ake shimfiɗa shi, don ruwa ƙasa yake bi. Na gas a sama. In aka sa shi nesa da bututun da mita biyu don sauƙin aiki, an sayi akwati mai tsada an toshe masa hanci.

DAS ita ce ke yin abin da sauran ba sa iyawa, wato ta ji mai haƙa kafin ya kai ga ƙarfe. Sarar diga tana da kiɗanta, katafila tana da nata, tafiyar mota daban, takun mutum daban. Bututun TANAP da ya ratsa Turkiyya, mai tsawon sama da kilomita 1,800, da irin wannan fayiba ake gadinsa. In muka ɗauki tsawon bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano a matsayin misalin lissafi, kilomita 614 ne. Kunne ɗaya a kowace mita goma ya ba da sama da 61,000. Ba mai iya jera na'urorin lantarki 61,000 a daji, kowace da wutarta da wayarta. Da fayiba kuwa, in kowace tasha tana sauraron kilomita 40 ta kudu da 40 ta arewa, tasha takwas sun rufe layin. A irin wannan tsawo gasar ta ƙare tun ba a fara ba.

Sai dai ina da ja a kan yadda ake tallata ta. Kunnen da ke jin komai yana jin abin da ba a tambaye shi ba. Garken shanu zai tsallaka, manomi zai yi huɗa a kan layin, tirela za ta wuce a titin da ke kusa, injin ban-ruwa zai kwana yana bugawa. Manhajar da aka horar a wata ƙasa ba ta san waɗannan ba sai an zauna an koya mata, wata da watanni, rani da damina, don jiƙaƙƙiyar ƙasa da busasshiya ba sa kai sauti iri ɗaya. In ba a yi wannan ba, ƙararrawa za ta yi ta tashi a banza har mai gadin allo ya rage mata murya, ranar da ɓarawon gaske ya zo kuma ba mai dubawa. Ko ta faɗi gaskiya, ta ce ana haƙa a kilomita kaza da ƙarfe biyun dare, saura tambayar wa zai je, da wace mota, cikin minti nawa. Kamfanin da ba shi da amsar wannan gara ya fara kashe kuɗinsa a kan 'yan sintiri da kyakkyawar alaƙa da garuruwan da bututun ya ratsa, don mai unguwa da mafarauta suna jin abin da gilashi ba ya ji. Sannan a tsohon bututu, sake tona rami a gefensa don shimfiɗa kebul yakan fi akwatin tsada, ga haɗarin tonon kansa. A sabon aiki, ramin na buɗe, kebul ɗin kusan kyauta ne. Ko ba a da kuɗin akwati yanzu, a binne zaren.

Dam na ƙasa, irin Tiga da aka gama a 1974 mai bango kusan kilomita 6, ciwonsa na ɓoye shi ne ruwan da ke sulalawa ta cikin bango yana kwashe ƙasa kaɗan-kaɗan. Kayan gargajiya su ne bututun auna matsin ruwa a cikin bango, da ma'aunin yawan ruwan da ke tsatsowa a gindi. Suna ba da lambobin da injiniya ke buƙata don lissafin ƙarfin bango, abin da DTS ba ta bayarwa, don haka ba a cire su. Matsalarsu tazara ce: yoyo yana iya bi ta tsakanin biyu ba wanda ya gani. A Suwidin da Jamus tun ƙarshen shekarun 1990 ake binne fayiba a dam don cike wannan giɓi. Hanya biyu ce. Ko dai a bar bambancin zafin ruwan tafki da na ƙasa ya tona asirin yoyon, ko a sa wayar ɗumamawa a cikin kebul ɗin, a ɗumama shi, wurin da ruwa ke gudu ya ƙi yin zafi kamar sauran. A ganina ta biyun ta fi dacewa da mu, don tazarar sanyi da zafin shekara a nan ba ta kai ta Turai ba. Amma a faɗi gaskiya: fayiba yoyon ciki take gani. Ambaliyar da ta fi ƙarfin mafitar ruwa, ko ƙofar da ta lalace ba a gyara ba, ba aikinta ba ne. Bayan abin da ya sami Maiduguri daga dam ɗin Alau a Satumban 2024, kada wani ɗan kasuwa ya sayar wa hukuma akwati da sunan maganin kowace cuta.

A gada da dogayen gine-gine takarar tsakanin zanen Bragg ne da ma'aunin miƙewa na lantarki. Gwajin lodi na kwana biyu, na lantarki ya fi sauƙi da arha. Sa ido na shekara ashirin a cikin kankare, inda laima ke cin waya kuma tsawa ke sauka, Bragg ya fi. Tun 1993 aka sa shi a wata gada a Calgary ta Kanada, kuma fukafukan injinan wutar iska ma da shi ake auna su saboda tsawa. Tarkonsa guda ne: ba ya bambanta zafi da miƙewa. Digiri ɗaya yana gusar da launin kamar yadda miƙewar kashi takwas cikin miliyan za ta yi. A gadar da rana ke gasawa da azahar ta huce da asuba, in ba a ajiye wani zane a gefe yana auna zafi kaɗai ana cirewa ba, rana za ka yi ta aunawa kana cewa lodi ne.

Ga jami'o'inmu akwai wata ƙofa da nake ganin ba a leƙa ba sosai. A 2016 masana a jami'ar Stanford sun ja zare mai kilomita biyu da rabi a ramukan kebul na harabar makarantar suka riƙa jin girgizar ƙasa da shi. A 2018 wasu suka haɗa akwatin DAS da kebul ɗin da ke ƙarƙashin teku a Monterey ta Kalifoniya, na kwana huɗu kacal, kilomita 20 suka zama kunnuwa 10,000, suka kama girgiza mai ƙarfin 3.4, suka kuma gano tsagogin ƙasa da ba a san da su ba. Mu ma ƙasa ta motsa a Kwoi a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018, tashoshin awo irin na cibiyar da ke Toro a jihar Bauchi kuma ba su da yawa. Na'urar auna girgiza ta asali ta fi DAS jin motsi mai rauni, kuma tana auna shi ta fuska uku, alhali fayiba abin da ya ja ta ta tsawonta kawai take ji. In tasha ɗaya ta dindindin ake so, ta asali za a saya. In taswirar ƙarƙashin gari ake so, aron silin fayiba da ba a amfani da shi daga kamfanin sadarwa, da hayar akwati na wata ɗaya, ya fi. A dai tanadi wurin ajiya: kunnuwa 5,000, kowane ana karanta shi sau 1,000 a sakan, sun haura gigabayit 800 a rana.

Duk wannan lissafi yana iya rushewa a kan abubuwan da takardar talla ba ta faɗa. Hanyar hasken maikuromita 9 ce, ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta zauna a bakin mahaɗi ta rufe ta. Na taɓa ganin an kwana biyu ana zargin akwati, ashe wani ne ya cire murfin mahaɗin ya ajiye shi a buɗe a kan tebur. Da aka goge da ɗan ƙyallen da aka tanada don haka, komai ya dawo. Akwatin yana son ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, wato sola da batir da na'urar sanyaya ɗaki sun shiga kasafi. Masu aikin titi suna yanke fayiba, ɓeraye suna ci in ba mai sulke ba ce, ɓarawo kuma yakan sare ta tukuna kafin ya gane babu jan ƙarfe a ciki. In tamokopul ɗaya ya mutu, gurbi ɗaya ka rasa. In zare ya tsinke a kilomita ta uku, duk abin da ke bayan nan ya yi duhu, sai fa in an ja shi ya zagayo ana karanta shi ta baki biyu. Gyaran tsinkewar ba ya ba ni tsoro, don yaran da suka koyi haɗa fayiba da injin narkawa a aikin sadarwa suna da yawa yanzu a Kano da Kaduna da Abuja. Akwatin ne in ya lalace sai an fitar da shi waje.

Saboda haka kafin a sa hannu, a tambayi mai sayarwa wa zai zo in akwatin ya tsaya, daga wane gari, cikin kwana nawa, kuma ko zai ba da na aro. A tambaye shi kuɗin manhaja na shekara-shekara, da ko bayanan za su fita zuwa allon kula da ake da shi ko sai nasa. A sa shi ya yi gwaji a wurin aikin, a ƙasar wurin: a zuba ruwan zafi, a sa lebura ya yi haƙa da diga a inda shi mai sayarwar bai sani ba, a ga ko akwatin zai faɗi wurin, a kuma ƙirga ƙararrawar banza ta mako guda. Sayen irin wannan kaya daga takarda sayen kifi a ruwa ne.

Alhaji dai igiyoyin lantarki ya saya wa rumbunansa, da ma'aunin laima guda biyu na hannu, ragowar kuɗin ya gyara fankokin da ke hura iska ta ƙasan rumbu. Da ya zo maganar faɗaɗa kamfanin, da sabuwar taransifoma babba da ramin kebul da zai ratsa filin zuwa sabon gini, na ce masa, "Baba, wannan karon kira yaron nan ya kawo takardunsa." Mun zauna mu uku muka rubuta ma'aunan fayiba a cikin odar taransifomar, muka kuma ƙara kebul mai sulke, mai sili goma sha biyu, a cikin ramin kafin a rufe shi. Sili biyu suna ɗauke da intanet da kyamarorin tsaro, goma suna kwance da murfinsu a rufe.